Filin da Cima Ta Bari

Ni ɗan ga-ruwa ne.
Kullum kurata takan bi ta bakin tsohon tafki
tsakanin Birni da Zango,
inda yanzu awaki ke kiwon leda.

Can Cima ta ta da bango.
Ba gida a bayansa, ba ƙofa, ba zaure,
bango kawai, tsaye kamar mai bin bashi.
Jarka shida ta karɓa a hannuna
don kwaɓa laka da makuba.
Huɗu ta biya.

Na ce, "Ruwan da mata ke kwana a layi dominsa,
shi za ki ba ƙasa ta sha?"
Ta ce, "Sauke, malam, laka ba ta jiran gardama."

Da yatsa ta fara, daga baya da gindin cokali.
Ta rubuta nji na Barebari,
aman na Buzaye, ndiyam na Fulani,
kowa da yadda yake kiran abin da nake turawa.
A ƙarƙashi ta jera sunayen ciyayi
da ta tsinto a bakin tsofaffin Mirya da Gure.
Ciyawa ke fara tafiya, in ji ta,
sunan ya tsaya yana waige-waige,
sannan shi ma ya bi sawu.

A tsakiya ta bar fili, faɗin faifai.
Wannan na kakarta ne, Ya Kolo.
Wai a Barbarcin ƙauyensu akwai kalma guda
ta ƙanshin da iska ke kawowa
tun ɗigon farko bai faɗo ba.
Tsohuwa ta ce tana nan a kan harshenta,
a bari hadari ya haɗu, za ta tuna.

Yuni ya wuce. Yuli ya raba.
Iri ya soye a rami.
Ya Kolo na bisa dutse kowace la'asar,
hanci a gabas.
Jikoki na yi mata Hausa da guntun Faransanci,
tana amsawa da ka.

Sai sama ta biya bashin wata uku a dare ɗaya.
Katangu suka zauna.
Kurata ta tafi yawo ba ni.

Da safe na tarar da bangon a durƙushe.
Nji ya narke cikin aman,
ndiyam ya bi su,
ciyayi duka sun gangara tafki,
jan ruwa cike da sunaye,
yara na iyo a ciki.

An ce tsohuwa ta tuna.
Da iskar farko ta ɗaga asabari, ta faɗa,
sau ɗaya, tsawa na kanta.
Ba wanda ya ji sai Gaptiya, ƴar shekara biyar,
mai wawulo a gaba.
Ta maimaita, kalmar na zurarewa ta giɓin.
Ya Kolo ta ce ba haka ba ne,
amma yadda yake ya sake ɓace mata.

Jiya Cima ta fara sabon tubali.
Ta ɗaga Gaptiya, ta danna tafinta a ɗanyar laka,
daidai tsakiya.
"Mu ajiye wannan tukuna,
kafin haƙoran su fito."

Ta ce in kawo jarka shida.
Na ce biyun farko fa?
Ta nuna mini tafki.