Marayan Keke

Wata bakwai yana ɗaure jikin ƙarfen gada,
a Utrecht, inda ruwa ke ratsa gari ba gaggawa.
Baƙin keke ne, sirdin ya tsage,
soso ya leƙo kamar harshen akuya,
tayoyin sun sace, tsatsa ta cinye ƙararrawa,
wata ciyawa mai yaɗo ta bi ta cikin sarƙa,
har ta yi fure a kan kariya.

Ni ne Tjeerd, mai gasa burodi cikin dare.
Nawa keken ɓarawo ya ɗauke tun farkon sanyi,
ƙarfe uku nake fita, a ƙasa, hannu cikin aljihu.
Kullum in na zo gadar sai in rage tafiya,
in taɓa sitiyarin, in yi lissafi a zuciya:
taya biyu, mai kaɗan, yini guda na gyara.
Zarton ƙarfe kuwa yana nan a akwatin babana.

Na faɗa wa yayata Marijke muna shan gahawa.
Ta ajiye kofi, ta dube ni ta saman tabarau.
Ta ce, tsatsa ba takardar sallama ba ce.
Mai abu yana da abinsa ko ya manta,
sai ran da ya buɗe baki ya ce na yafe.
Ka yanke kwaɗon nan, da kai da ɓarawonka
uwa ɗaya uba ɗaya a gaban alƙali.
Na ce, to ai ruɓewa yake!
Ta ce, ruɓewar ma ta mai shi ce.
Tsintacciyar mage ba ta mage.
Ka kai cigiya ofishin gari, ka jira.

Na kai.
Suka zo suka ɗaura masa takarda ruwan lemo,
da kwanan wata, da hatimi.
A nan garin irinsa maraya ake kiransa,
in wa'adi ya cika mota ta kwashe shi.
Wato su in sun yanke, aiki ne,
ni in na yanke, sata.
Wannan ya tsaya mini a wuya kwana da kwanaki.

Saura kwana biyu, na taso aiki da hantsi,
gari a gashina, burodi biyu a hammata,
na tarar da tsohuwa tana karanta takardar,
yatsanta na bin layi ɗaya bayan ɗaya.
Sunanta Aaltje.
Ta ce, na Hilbrand ne, mijina.
Nan ya ɗaure shi ya shiga sayen cuku,
motar asibiti ce ta fito da shi.
Makullin na cikin rigar da suka miƙo mini a leda.
Duk Talata nakan zo, in tsaya can tsallake,
muddin yana ɗaure, gani nake mai shi zai fito.

Na rasa inda zan sa idona.
Zarton nan sau biyu ina saka shi a jaka.

Ta zaro makullin, an ɗaura masa jan zare.
Kwaɗon ya ƙi, muka ɗiga masa mai,
ya ƙi, ya ƙi, can sai ya yi ƙara ya saki.
Ta ce, ɗauka. Birkin baya na da gardama,
shi ma mai shi haka yake.
Na ce ta rubuta mini a takarda, saboda Marijke.
Ta yi dariya, ta rubuta a bayan rasit,
na ba ta burodi ɗaya, ta ce biyun.

Ciyawar ce kawai ta hana ni cirewa.
Ta warware ta da kanta, a hankali,
ta naɗa wa ƙarfen gada.