Ƙodagon Giginya

A Sunamganj shinkafa sau ɗaya take nuna,
a watan Boishak,
kuma ruwan duwatsun Megalaya ya san ranar
kamar yadda mai bin bashi ya san ranar kasuwa.

Shi ya sa muka yi sammako,
ni da yayana Mofizul,
da lauje biyu, da shinkafar jiya da ta kwana a ruwa,
da albasa, da barkono uku ƙulle a tsumma.
Fadamarmu ba ta da itace ko na rantsuwa.
In ka miƙe tsaye a cikinta,
kai ne mafi tsawo tsakanin ƙasa da sama.

Da la'asar iska ta ɗauke cak.
Agwagin Jobeda suka nufi gida ba mai kora.
Arewa maso yamma ta yi baƙi ƙirin
kamar gindin tukunyar gidan biki.
Kalboishaki muke ce mata.
Tsofaffi kan sassauta murya in za su ambace ta.

Na ce, Yaya, mu tafi.
Ya ce, saura dami uku.
An ce jinga ta tsage a sama,
abin da ba mu yanka yau ba, gobe na kifi ne.
Gaskiya ya faɗa.
Abin da ke cin raina ke nan har yau:
gaskiya ya faɗa.

Ƙanƙara ta sauko kamar ƙwan kurciya.
Na ruga gindin jinga, na kifa kwando a ka.
Ban ji tsawar ba.
Mutane ba sa yarda in na faɗa.
Fari kawai na gani, fari fat,
da ɗanɗanon ƙarfe a kan harshe,
sannan ƙaurin gashi.

Laujen na hannunsa.
Damin ko warwarewa bai yi ba.

Kafin asuba ruwan ya iso.
Gonar kowa ta zama gonar babu kowa.
A kwalekwale muka kai shi makwanci,
muna tuƙi a kan zangarniyar da ya mutu dominta.
Rufin kwanon ɗakinsa kuwa,
a ƙauyen gaba aka tsinto mana rabi.

Shefali ba ta yi kururuwa ba.
Bayan kwana bakwai ta tare ni a bakin murhu,
ta ce, ya dai samu ya ci shinkafar?
Na ce ya ci.
Bai ci ba.

Malam Nirmal na makarantar firamare ya ce
giginya kan karɓi aradu a madadin mutum.
Ban san iyakar gaskiyar maganar ba.
Na dai san kakanmu na da guda tara,
ya sare su shekarar yunwa,
aka fafe kwalekwale, aka ci kuɗin.

To, ni ƙodago nake binnewa.
Ɗari da arba'in na jera a bayan jinga.
Ɓeraye sun ci rabonsu,
yara sun tone muruci,
ambaliya ta kwashi nata ba sallama.
Saura goma sha ɗaya,
babbar cikinsu ba ta kai gwiwata ba.

Maƙwabta na dariya.
Wai shekara ashirin kafin ta isa tsayin da sama za ta kula ta.
Na sani.
Giginya dama na nesa ka sha inuwarta,
kuma nisa ba a tafiyar ƙafa kaɗai yake ba.
Ɗan Mofizul, Ripon, bana ya fara famfara.

Jiya Boishak ya kama.
Zangarniya ta sunkuya, iska ta fara ɗaukewa da yamma.
Na wasa laujen nan, nasa,
don ya fi nawa ci.
Shefali ta jiƙa shinkafa tun dare,
ta ce in ci kafin in fara yanka.