Tudun Kasuwa

Daga lambun bakin gulbi na ɗauro
buhun zogale biyu a bayan keke.
Fadama ba ta da gardama. Tudun ne mai magana.

Gwiwar hagu ta fara, ƙas, ƙas,
kamar ƙyauren da ya manta ɗanɗanon mai.
Sarƙa ta amsa mata.
Shekara ashirin ke nan suna gulmata.

Ɗan kabu-kabu ya watsa mani hayaƙi:
"Baba Nomau, sauka ka tura mana!"

Ban sauka ba sai gindin bedi,
inda babu idon sani.
Na shafa man zafin da Tsahara ta ƙulla mani,
na ce wa gwiwa: yi haƙuri,
kai ni cikin Maradi kawai.
Da la'asar gangara ce,
ba zan roƙe ki komai ba.