Kafin Ki Kunna Fitilar

Suweba, ajiye wayar, matso nan bakin tabarma.
Na ga kin sayo fitilar nan mai kama da zobe,
na ga kina gwada murmushi a madubin ɗakin Mma.
Bari in ba ki abin da na koya a nan Aboabo,
da kuɗina na saye shi, ke kyauta za ki samu.

Bara, daren Talata, an ɗauke wuta,
saƙo ya shigo yana ƙyalli kamar sabon kwano.
Wai kamfanin man shafawa ne daga Akara,
wai fuskata suke nema, ni ce jakadiyarsu,
sidi dubu huɗu duk wata.
Sai dai in tura ɗari uku, kuɗin dakon kaya.
Sunan da ya fito a momo na wani ƙato ne,
babu kamfani a cikinsa ko na harafi ɗaya.
Na gani da idona. Kwaɗayi ya ce danna.
Kafin asuba lambar ta mutu,
ni kaɗai na yi zaman makokinta
da koko ba ƙosai har sati biyu.

Mai ba ki aiki ba ya miƙo miki hannu.
In ya miƙo, ke ce kasuwar tasa.

Na biyun ba fatalwa ba ne, yana da shago a Adum,
mai gilashi, mai sanyi, mai ƙamshin sabon takalmi.
Ya ce, ƙanwata, yi mana bidiyo uku mu ga hannunki.
Kwana tara ina yankawa ina haɗawa,
data ta lashe zubin adashina.
Da na je karɓa sai ya yi dariya:
ai suna muka ba ki, gari ya san ki.
Na ɗauki sunan na kai Kejetia,
mai tumatir ta ce ba ta da canjinsa.
Har gobe muryata na tallar takalmansa,
ni kuwa silifas ɗina da ƙusa na ɗinke shi.

Kaka Barikisu ba ta san boko ba,
amma shekara arba'in tana loda goro a motar Arewa
ba wanda ya ci ta ko ƙwarya ɗaya.
Ba ta kwance huhu sai kafin alƙalami ya shiga lalita,
ba ta sallamawa sai da shaida a tsaye.
Takan ce cinikin duhu ɓarawo ne dillalinsa.
Ashe bidiyo ma goro ne, Suweba,
yana da huhu, yana da ranar bushewa.

To yanzu rabi nake karɓa kafin in ɗaga kyamara.
A rubuta: guda nawa, nawa ne, ran yaushe,
wata nawa za su yi yawo da fuskata.
Samfuri in zan tura, sunana na kwance a tsakiyarsa
kamar shaidar mai shanu a cinyar sa.
In sun ce mun biya, ga saƙo, ba na kallon saƙo,
asusuna nake buɗewa in ƙirga.
In sun ce mun yi kuskure, kuɗi ya yi yawa, maido sauran,
sai in ce su gai da gida.
Lambobin nan shida da ke shigowa wayarki
mabuɗin ɗakinki ne, ko ni kada ki ba.

Kuma ki tambaya. Mumuni mai ɗaukar hoto a Asawase
ya san wanda ke biya da wanda ke ɓacewa.
Mai cewa yau-yau ko a ba wata,
bar shi ya ba wata.

Ji, wayarki ta yi ƙara.
Kada ki ɓoye, na ga idonki ya yi haske.
Miƙo nan mu karanta tare,
a hankali, tun daga sunan mai aikowa.