Kurwa a Cikin Jabana

A Kasala, bayan isha'i,
Talle ya shimfiɗa taswira kan tabarma,
ya danne ta da kofunan gahawa.

Ni ne matsafin. Sandata tsinken tsire,
gemuna a takarda kawai yake.

Ya ce, “Sarkin ƙwarangwal ya tashi.
Shekara dubu kabari na kiransa, ya ƙi,
don ya ɓoye kurwarsa.”

Na jefa ɗan ludo mai fuska ashirin.
Ɗaya.
Wutar da na kira ta cinye rawanina.
Dariyar Gambo har dutsen Totil.

Ƙanwarsa ta zo kwashe kofuna,
ta yi tuntuɓe da jabana. Fus!

Talle ya daɗe yana kallon tsingaron.
“To, ya mutu,” in ji shi.
“A nan na ɓoye ta.”