Ranar da Murya Ta Sami Fuska

Shekara uku muna ɗauka a ɗakin Bawale, Agege,
bargo a bango, katifa a taga.
Mu jira jirgin ƙasa ya wuce,
mu jira janareton maƙwabci ya gaji,
sannan in danna jan maɓalli.

Masu saurarona ba su taɓa ganina ba:
direban tirela a layin Apapa,
mai raguna a Alaba.
Kowa ya ƙera mini fuskar da ya so.
Wata ta rubuto wai muryar dogo gare ni.

Sai ga 'yan talabijin daga Ikeja
da fitilu masu zafin kaskon tuya.
Suka shafa mini hoda,
suka hana ni sosa gemu,
suka ce shirun da nake bari
idan baƙo ya tuna gida
a yanke shi, talla na jira.

Na ƙi.
Da Jauro ya zo kan saniyar ƙarshe da ya sayar
ya yi shiru daƙiƙa tara,
kuma nan labarin yake.
Kunne ya ƙoshi da wannan.
Ido mayunwaci ne: ku ba shi hannun Jauro
yana murza bakin hula.

Kubura, ke da kika fara naki jiya,
bar taƙi guda tsakaninki da makirfo.
Kashe fanka, sha zufa.
Yi tambaya ɗaya, haɗiye ta biyu.

An nuna shirin daren Talata.
Kafin asuba matar nan ta rubuto:
"Ashe gajere ne."