Tururin Buta

Libaful, hawa na uku, ƙofar da ba suna.
Shekara biyu da sallamarmu daga Bama,
na ajiye bindiga, suka miƙo mini buta.

Aikin ke nan: ruwa ya tafasa,
in kara ambulan a bakin tururi
har danƙon ya saki jiki,
in zaro takardar kamar mai cire ƙaya a ƙafar yaro.
Ajami ne. Duk ginin nan
ni kaɗai ke bin sawunsa daga dama zuwa hagu.

Manjo Holbruk, da muke kira Mai Lofe,
ya ce yaƙi bai ƙare ba, riga ya sake.
Ya ce Rasha na watsa tsaba a bakin teku,
masu ɗura wa jirgi kwal su ne kajin.
"Karanta mini, Saje Jatau,
har abin da ba su rubuta ba."

To, na karanta.
Wani na roƙon a biya masa sule bakwai a Jega.
Wani sanyin ƙasar nan ya shige masa haƙori.
Wani gaisuwa ce zalla, shafi biyu,
har da jakin maƙwabci.

Sai ta Nomau, mutumin Gummi, ran Laraba:
"A gaya wa Tabawa ta ɓoye irin a rumbun ƙarshe,
kada ta ba kowa sai na zo.
Ja ta fi fara jure wuya."

Na fassara yadda take.
Mai Lofe ya zare lofen daga baki.
Ja, in ji shi. Ya ja layi biyu a ƙarƙashi.
Wace ce Tabawa? Ina ne rumbun ƙarshe?
Na ce, ranka ya daɗe, dawa ce,
akwai ja, akwai fara.
Ya ce, haka aka so ka ɗauka.

Da dare na jefa kwabo a mitar gas,
na zauna da kwat a jiki ina juya maganar.
In dawa ce, don me sai ya zo?
Ni da aka yaye da kunun jar dawa,
ga ni ina tuhumar dawa.

Ran Juma'a muka haɗa sahu
a bayan shagon wani Balaraben Yaman,
kafaɗar Nomau a jikin tawa,
kwal a ƙarƙashin farcensa, wanda alwala ba ta fitarwa.
Ya ɓara mini goro busasshe
da ya yi wata uku a teku.
Ya ce, wane aiki kake yi ne, Saje?
Na ce, akawu. Ina kuma dafa ruwa.

Jirginsa ya tashi ba shi a ciki.
Ban tambaya ba.
A ginin nan tambaya ma fayil ake buɗe mata.

Jiya wasiƙar inna ta iso,
rubutun Malam Barau, na san karkatar alifinsa.
Na juya ta, hannuna ya tsaya.
Leɓen ambulan ya yi kunya-kunya kamar gona,
danƙo ya yi yawa a kusurwa,
aikin sabon hannu, mai gaggawa.
Ashe akwai wani ɗaki, akwai wata buta,
akwai wani ɗan'uwa mai bin sawu daga dama
yana dafa ruwa a kaina.
Kifi na ganinka, mai jar koma.

Inna ta ce kowa lafiya, sai kewa.
Ta ce damina ta yi gardama bana,
farar ta ƙone a tsaye, jar ce kaɗai ta yi.

Na ɗaga takardar wajen fitila.
Ƙarƙashin kalmar, an goge,
amma fensir ya bar sawu.
Layi biyu.

Gobe Litinin. Buhu biyu na jirana.
Ban san me zan rubuta wa inna ba
wanda dawa ce kawai.